Barandar da Muka Rushe da Hannunmu

Ba katafila ce ta rushe barandar mahaifiyata ba. Na fara da wannan ne saboda har yau akwai masu tare ni a Samaru suna yi mini jaje, wai sun ji an yi mana rusau. Sai in ce na gode in wuce, don bayanin ya fi jajen ciwo. Gaskiyar magana, katafila ko kallon ƙofarmu ba ta yi ba. Mu muka rushe abinmu da rana tsaka, har muka dafa wa masu rusawar shinkafa da wake.

Gidanmu yana Sabon Gari, a wani layi da ke ɓullewa wajen PZ. Babana kafinta ne a reluwe, kuma da ya ajiye aiki abin da ya fara yi shi ne fitar da baranda a gaban gida: ginshiƙan katako, rufin kwano, da dogon dakalin siminti wanda zaman mutane ya goge har yana sheƙi. Bayan rasuwarsa gwiwoyin Mama suka ƙi ta. Kasuwa ta gagare ta, coci ma sai in an samu mai mota. Barandar nan ita kaɗai ta rage mata. Da ta gama addu'ar safe za ta ja ƙafa ta fito ta zauna, daga nan sai gari ya riƙa zuwa yana samunta. Mai tafiya kasuwa ya tsaya, mai dawowa daga asibiti ya tsaya, Bahaushe da Bayarabe da Ibo, kowa da irin tasa Hausar. Mace na iya ɗaukar ciki a layinmu mijinta bai sani ba, amma ba dai Mama ba. Ni ina koyarwa a Samaru, kuma na sha roƙonta ta dawo wurina, tana cewa ita ba buhun masara ba ce da za a kai ɗaki a jingine. Na daina matsa mata, don na san muddin tana da barandarta ta fi ni jama'a.

Wata ranar Asabar ina gidan sai ga wasu mutane da hulunan kwano da igiyar awo, ɗayansu riƙe da gwangwanin jan fenti. Dama an daɗe ana raɗe-raɗin za a gyara tsakiyar gari, a faɗaɗa tituna, a yi wa masu tafiya a ƙasa hanyarsu daban. Suka ja igiya, suka yi ƙus-ƙus, mai fentin ya zo ya shafa ƙatuwar alama a jikin ginshiƙin da Mama take jingina.

"Sannunku da aiki," in ji Mama. "Wannan kwalliyar fa ta mece ce?"

"Mama, barandarki ta shiga titi."

"Ita ta shiga titi, ko titi ne ya taso ya same ta? Tun da aka kafa ta ban ga ta motsa ba."

Mutumin ya yi dariya, ya ce shi ɗan aike ne, ya wuce gida na gaba. Ba su ce ga ranar da za su dawo ba. Ba su ma ce a rushe ba. Fenti kawai suka shafa suka yi gaba.

To amma mu mutanen layin nan muna da wani ilimi da muka gada, muna kuma taƙama da shi: ba a jiran katafila. Katafila ba ta san sabon kwano ba, ba ta san tsoho ba, duk tare take murƙushewa. Mai hankali da ya ga ja a bangonsa sai ya kira kafinta ya kwance rufinsa a tsanake, ya zare ƙusoshi ya miƙar da su, ya jera bulo a bayan gida. Ban da asara ga kuma abin kunya, a ce an watsa maka kaya a titi 'yan kallo na tsaye suna ƙirga maka tukwane. Shi ya sa hukuma ba ta shan wahala da mu. Ita dai ta sayi fenti, sauran aikin namu ne.

Aka kira taron layi, a barandar Mama kuwa, don babu wani wuri da zai ɗauki mutane. Shugaban layinmu mai kemis ne, mutumin kirki, illarsa ɗaya in ya fara jawabi sai yunwa ta tashe shi. Ya ce ya je ofis da kansa, an nuna masa zanen sabon titi, har ya ɗauko hotonsa a waya. Wayar ta zagaya hannu-hannu. Titi ne shimfiɗe, ga bishiyoyi a jere, ga fitilu, ga furanni, ga wata mata siririya tana jan kare da igiya. Na duba hoton da kyau, ban ga acaɓa ba, ban ga akuya ba, ban ga mai ƙosai ba. Ban ga ko mutum ɗaya da ya yi kama da mu ba. Na ce, "Shugaba, mu ina aka sa mu a ciki?" Ya ce Malama kullum da gardama, ci gaba ake magana.

Mama ta karɓi wayar ta kai ta kusa da ido. "Wannan benci ne?"

"Benci ne, Mama, na ƙarfe, mai wurin jingina. Daidai ƙofarki za a sa ɗaya. Ni na faɗa miki."

Mutum ɗaya ne bai ce uffan ba a taron, mai gidan sama na kwanar layi, wanda ke sayar da tayal da kayan famfo. Shagonsa ya fi na kowa cin titi, alamar jan ma sai da aka yi masa ita har wuri-wuri. Ya zauna yana sakace, aka tashi ya tashi. Washegari ya sa aka shafe alamun da shuɗin fenti, ya ƙara fito da tayal waje. Layi ya ɗauka. Aka ce taurin kai, aka ce rashin wayewa, aka ce ai zai gani. Shugaba ya ce shi ya fita haƙƙinsa, kuma don ya zama abin koyi, shi ya fara kwance rumfar kemis ɗinsa.

Ni kam na ce wa Mama mu dakata. Na ce ba a ba mu rana ba, ba a ba mu takarda ba, mu ga abin da zai faru tukuna. Ta bar ni na gama kaf.

"Ke, babanki ne ya buga kowace ƙusa a nan da hannunsa. Ina tsaye ina miƙa masa. So kike in zauna ina kallo wani ƙarfe ya zo ya tattake shi kamar gwangwanin madara, yara suna ihu? In za a sauke, a sauke shi da mutunci."

Na ƙyale ta. Har yau ma ban ga laifinta ba, don ba wauta ta faɗa ba.

Ranar saukewa ta yi kama da biki, ta kuma yi kama da zaman makoki. Aminiyar Mama ta zo tun da safe da tukunyarta. Iya muke ce mata, Bayarabiya ce mai sayar da atamfa, gidanta na can ƙarshen layi. Tun da aka yi dakalin nan kullum sai ta yada zango a kansa a hanyarta ta kasuwa, su gaisa, su yi gulma, su yi faɗa a kan yawan barkonon da Iya ke zubawa a miya, ta tashi tana cewa ba za ta ƙara zuwa ba, gobe ta dawo. In azumi ya zo Mama ke dama mata kunu, in Kirsimeti ta zo Iya ke zaɓar wa Mama zane. Ranar nan su biyu suka zauna a bakin ƙofa suna ba kafintoci umarni. A hankali da wannan. Kar ku lanƙwasa wancan. Aka sauke kwano ɗaya bayan ɗaya aka jera a tsakar gida, aka ɗaure katakai, aka tara ƙusoshi a tsohon kwanon sha. Da aka zo kan dakali, wanda ba ya kwantuwa sai da guduma, Mama ta ce fitsari take ji. Ta shiga ciki, ba ta fito ba sai da ƙarar ta tsaya.

Cikin 'yan kwanaki layinmu ya koma kamar bakin da aka cire wa haƙoran gaba. Muka zauna jiran katafila. Damina ta sauka, ruwa ya riƙa feshi har cikin falon Mama, katafila shiru. Rana ta riƙa dukan ƙofa tun hantsi, ba mai iya tsayawa ya yi doguwar gaisuwa. Mai gidan sama kuwa yana can cikin inuwar shagonsa yana ciniki.

Ranar da katafila ta iso, kowa ya fito. Kar in yi ƙarya, ba titi muka fito gani ba, ƙarshen mai gidan sama muka fito kallo. Har da masu ɗauko kujeru. Katafila ta taho tana huci, ta tsaya daf da tayal ɗinsa. Injiniya ya sauko daga mota, mai gidan ya tare shi da fara'a, suka hau sama. Muka yi ta jira a rana. Can suka sauko suna dariya, injiniya na goge baki da hankici. Ya kira masu awo, aka tuge turakun da aka kafa, aka mayar da su can ɗaya gefen. Wai an samu ɗan gyara a zane.

Haka titinmu ya samu lanƙwasar da yake da ita har yau. Da ya zo kwana sai ya kauce wa shagon tayal cikin ladabi, kuma tun da ya kauce sai ya ci gaba da tafiyarsa ta can, nesa da ƙofarmu. Wurin da barandar Mama take ko tsakuwa ɗaya ta titi ba ta faɗa ba. Na tare shugaba na nuna masa. Ya gyara tsayuwa ya ce da gangan aka yi, don a rage gudun motoci, haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba. Na dube shi, ga shi tsaye a rana gaban kemis ɗin da ba rumfa, gumi na bin wuyansa, sai na kasa yi masa rashin kunyar da na shirya.

Ban ce a bar maganar ba. Kwanonmu na nan, katakonmu na nan, sai na shirya na tafi ofishin masu tsara gari neman izinin mayar da baranda. Bayan yawo daga wannan tebur zuwa wancan, na samu wani jami'i mai sanyin murya. Ya saurare ni da kyau, har da girgiza kai.

"Malama, wa ya rushe muku?"

"Mu muka sauke da kanmu."

"To kin gani. Tunda kuka sauke da kanku, kun amince ke nan wurin ba naku ba ne. Ai ba wanda zai rushe halalinsa."

"Wanda ya ƙi saukewa fa?"

"Shi nasa yana tsaye, ana kan duba lamarinsa."

Na tambaye shi yaushe za a gama dubawa, ya ce ai irin wannan ba a gaggawa. Na fito raina a ɓace har na wuce tashar motar Samaru ban sani ba. Abin da ya fi ƙona ni shi ne, mutumin bai ɗaga murya ba, bai nemi komai a wurina ba, kuma da ka bi maganarsa a hankali sai ka ji kamar mu ne muka zo da rigima.

Sai masu kwata suka zo. Ashe ɗan kwangilar kwata daban, na titi daban, kuma ba wanda ya tuna ya gaya wa na kwata an yi gyara a zane. Shi tsohon zane ya bi, tsakaninsa da Allah. Ya haƙa rami mai zurfi daidai bakin ƙofofinmu, ya zuba kankare, ya ce murafai suna hanya. Saboda haka in ka buɗe ƙofar Mama, kwata ce ke fara yi maka maraba, sai fili fetal inda baranda take a da, sannan titi can gaba. Kowane gida ya ɗora katako ya zama gada. Masu ƙafa suka saba cikin kwana biyu. Mama ta gwada ranar wata Lahadi, ta ci ado da kayan zumuntar matan coci, ina gaba ina miƙo mata hannu. Ta ɗora ƙafa ɗaya, katakon ya yi ƙasa kaɗan, ta leƙa ramin, ta janye ƙafarta. Ta ce Allah yana ji daga ɗaki ma.

Iya ma idanunta sun yi rauni, ba ta yarda da katakon ba. Sai ta riƙa tsayawa a wancan gefen, Mama na zaune a bakin ƙofa, suna ɗaga murya.

"Kin kwana lafiya?" in ji Iya.

"Lafiya lau! Ya ido?"

"Da sauƙi! Akwai magana fa!"

"Faɗi mana!"

"Haba, a nan?"

Gulma ba ta yiwuwa da ihu. Sai su yi dariya, Iya ta ɗaga hannu ta wuce da maganarta a ciki. Na tsaya ina kallonsu wata rana, dariya ta kama ni, kafin in ankara hawaye ne ke zuba.

Amma kar a ce ban yi adalci ba: benci ya zo. Ana gobe bikin buɗe titi tifa ta sauke wasu bencuna na ƙarfe, da furanni a tukwane, da wasu bishiyoyi 'yan ƙanana. Aka shafe gefen titi da fari da baƙi, aka share ko'ina, aka kore awaki. Aka ajiye benci ɗaya daidai ƙofar Mama kamar yadda shugaba ya yi alkawari, shi kuwa ya riƙa zagaye shi yana duban mutane. Da safe 'yan acaɓan kwanar layi suka ɗauki Mama cak a kan kujerarta suka tsallakar da ita kwata, tana yi musu faɗa tana dariya. Ta zauna a benci, Iya ta zauna kusa da ita, suka haɗa kai suna biyan bashin maganar da ta taru. Manyan baƙi ba su ƙaraso wajenmu ba, a bakin layi suka yanka ƙyalle, aka tafa, suka shiga motoci. Mama ba ta damu ba. Rabon da in ga fuskarta haka tun kafin jan fenti. Ta ce mini, "Kin gani? Ke da gardama."

La'asar na yi tifar ta dawo. Ma'aikata suka fara loda furanni, suka loda bishiyoyin da ashe ko dasa su ba a yi ba, sannan suka zo suka tsaya a kan tsofaffin nan biyu suna sosa ƙeya. Wai su yi haƙuri su ɗan tashi, gobe akwai buɗe wani titin a wata unguwa, kuma bencunan ke nan gaba ɗaya. Iya ta zage su da Yarabanci, ta ƙara da Hausa don kar su ce ba su ji ba. Aka tsallakar da Mama gida, wannan karon ba dariya.

Fili a tsakiyar Sabon Gari ba ya kwana ba mai shi. Ba a jima ba aka wayi gari an sauke kwantena a wurin, shagon ƙarfe, an ba wani mai sayar da kayan waya. Da takardarsa, da hatiminsa, wai an ware wurin don bunƙasa ƙananan sana'o'i. Ya juya fuskar shagon wajen titi, ya ba mu baya, ya kafa lasifika da janareta. Yanzu in Mama ta buɗe ƙofa, kwata za ta gani, sai bangon ƙarfe mai tsatsa. Mai wucewa ba ya ganinta, ita ma ba ta ganinsa, ihun gaisuwa kuwa kiɗa ya haɗiye shi. 'Yan hayan gidan sammakon fita suke yi, sai yamma. Ta fara barin ƙofar a rufe saboda hayaƙi. Duk Asabar in na zo sai ta tsare ni da tambaya, wa na gani a hanya, wa ya haihu, wa ya yi tafiya. Ni da nake zuwa wurinta jin labarin gari, ni na koma mai kawo mata, kuma ban iya ba.

Wata Asabar na sauka a mota, na biya ta kemis sayen maganin gwiwa, shugaba ya ce mini ya haƙuri. Na ce na me? Ya ce Iya mai atamfa, ai ta rasu tun ranar Talata. Ciwo na dare ɗaya, da azahar aka kai ta. Na tsallaka katako na shiga gida, na samu Mama zaune a tsakar gida kusa da kwanonin da aka jera. Na durƙusa na ce, "Mama, ya haƙuri? Ya ƙarin haƙurinmu?"

Ta ɗago kai. "Haƙurin wa?"

Ba wanda ya zo ya gaya mata. Ba mugunta ba ce. A layinmu ba a taɓa kai wa Mama labari ba, wurinta ake zuwa a ji, sai kowa ya ɗauka ta riga shi sani. 'Ya'yan Iya ma ashe suna can suna jin zafin aminiyar uwarsu ko aike ba ta yi ba.

Na gaya mata. Ta ce, "Ta ina aka bi da ita?"

"Ta titi, Mama."

"Ta nan? Ta ƙofar nan?"

"Ta nan."

"Ranar Talata da azahar ina nan zaune ina tsince shinkafa." Ta dubi hannuwanta. "Gawar wanda ban sani ba ma in za ta wuce miƙewa nake yi, da gwiwar nan tawa. Ita ta wuce ban tashi mata ba."

Ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ranar da aka fasa dakali. Na riƙe ta, ina jin wani irin fushi da ban san wanda zan kai wa ba, don duk wanda na tuna a cikin lamarin nan da fara'a ya yi mana nasa. A waje lasifika na ta tallar caja mai saurin cika waya.

Da ta natsu ta goge fuska da bakin zane, ta ce in nemo masu tsallakar da ita, za ta je ta yi wa yaran gaisuwa ko da a kan kujera ne. Na miƙe zan fita sai ta sake kirana.

"Ɗakin nan naki na Samaru, tagarsa me take kallo?"

"Katangar maƙwabta, Mama."

"To, ba laifi," in ji ta. "In mun dawo daga gaisuwar ki sauko mini da akwatina."